Taƙaitawa: zama a ƙauyen kan tsauni

Jama'a, ga abin da na tsinta daga maganganunku:

1. Kowa ya yarda hanya ce babbar matsala. Da damina ƙasa kan zaftare ta datse ta, sai a ɗauko mai naƙuda a kafaɗa. Shawara: ta sauka kusa da asibiti tun kafin watanta ya kama.

2. Duk hawan mita 1,000, zafi na raguwa da kusan digiri 6. Shi ya sa ake kwana da wuta a ɗaki, hayaƙi ya bar yara da tari. A yi masa kafar fita.

3. Maƙoƙo: don kariya, a riƙa amfani da gishiri mai aidin, sinadarin da rashinsa ke kawo shi.

4. A kan sauro aka rabu. Wasu sun ce sanyi ya kore shi, wasu suka ce ya fara hawowa, kada a ajiye gidan sauro. Ni ina bayan na biyun.