Muhawarar zauren fada: wanne ne shayin asali?

Tela, Bukoki: Assalamu alaikum. Ina da ƙorafi kan abin da aka yi mini jiya a wata fada, wato majalisar hira da shan shayi, a nan Yamai, inda na je gaisuwa aka tsoma mini ɗan ƙullin baƙin shayi mai zare a ruwan zafi, alhali ga buta ga gawayi a gefe. Ni a wurina wannan raini ne, domin shayin asali shi ne koren ganyen da ake dafawa sau uku, ana juyawa tsakanin buta da finjali har kumfa ta tashi. Ko ba a raina ni ba, jama'a?

Malamin makaranta, Tawa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ce asali, to ka sani kore da baƙi ganyen itace ɗaya ne. Koren ana yi masa zafi da an tsinko shi don kada launinsa ya juya, baƙin kuwa ana murza shi a bar iska ta yi aiki a kansa har ya yi duhu, akwai ma wani mai suna ulon da ake tsayarwa a tsakiya. Wanda kake alfahari da shi daga Sin yake zuwa, ka duba kwalin za ka ga lamba 41022 ko 3505, kuma na biyun shi ne wanda aka nannaɗe ƙanana kamar ƙwayar gero. Saboda haka asalin yana hannun mutanen Sin.

Alhaji, kasuwar Katako: Malam, karatu daban, sani daban. Mutanen Sin suna zuba sukari su dafa shi a kan gawayi har ya yi kauri? Dafuwar nan daga Buzaye da Larabawan hamada muka gaje ta, kuma duk wanda ya zauna Agadas ya san haka. Asali yana wurin mai dafawa.

Hajiya, Wadata: Alhaji, da kai da Malam duk kun tsallake gida. Iyayenmu mata da farar geza suka saba, wadda ake kira kinkeliba, kuma a dajinmu take fitowa, ba ta hau jirgin ruwa ba. Har yau a gidana da ita ake buɗa baki da azumi. In ana maganar asali, ita ce ta ƙasa.

Malamin makaranta, Tawa: Hajiya, Allah ya ƙara girma, amma geza wata itaciya ce daban, kamar yadda citta da na'a-na'a suke daban, don haka ba ta cikin lissafin shayi.

Hajiya, Wadata: To, Malam, sai ka je ka gaya wa tsofaffin Tawa cewa abin da suke sha shekara da shekaru ba ya cikin lissafinka.

Ɗalibi, Harobanda: Iyayena, a yi mini afuwa in sa baki. Idan kusanci ne asali, ana noman shayi a tsaunin Mambila na jihar Taraba a Najeriya, kuma galibi baƙi ake sarrafawa a can, haka ma mafi yawan na Kenya baƙi ne. Ke nan wanda aka ba yayana tela ya fi kusa da zama na Afirka.

Alhaji, kasuwar Katako: Yaro, ka bari sai ka fara sayen gawayi da kuɗinka. Ƴan Tawa ma da suke ta koyar da mu, su ne masu cika sukari tun a dafuwar farko har ɗacin ya ɓace.

Malamin makaranta, Tawa: Alhaji, wannan ƙazafi ne. A Yamai ne na ga ana maimaita ganye har sau huɗu saboda rowa, a miƙa wa baƙo ruwan da ko yara ba za su karɓa ba.

Tela, Bukoki: Jama'a, ni fa tambayata ita ce ko an raina ni, kuma har yanzu ba wanda ya amsa.

Shugaban zaure: An ji ta bakin kowa, kuma dare ya yi. Abin da na fahimta shi ne mafi yawan masu magana sun yarda cewa koren shayi mai dafuwa uku shi ne na asali, tunda Alhaji ya kawo hujjar da ba a iya ture ta ba. Bayanin Malam na littafi ne, maganar Hajiya kuma ta shafi magani, ɗalibi kuwa ya tafi da mu Kenya ba gaira ba dalili. Batun sukarin Tawa gaskiya ne, na gani da idona. Zaman Juma'a yana ƙofar gidana bayan la'asar, ganye na wurina, tela ya zo da sukari.