Ƙaramar jita mai faranti: abin da makaɗa suka ce

Tun da John Dopyera ya ƙera jita mai farantin alminiyam a ciki (mai ƙara mata ƙarfin sauti) a Amurka, kamfanin National ya fara sayar da ita a 1927, makaɗa ke neman ƙananan irinta masu siririyar murya, har da ukulele da mandolin.

A wata tattaunawa da makaɗa suka yi kan irin wannan ƙaramar jita, shawarar da aka fi nanatawa ita ce ta tsirkiya. In za ka ɗaure ta sosai don muryarta ta yi sama, sa siririya. Farantin nan ba shi da kauri ko kaɗan, kuma nauyin tsirkiyoyin duka a kansa yake sauka ta jaki, wato ɗan matokarin da suke hawa. Tsirkiya mai kauri, ɗaure tamau, tana iya lotsa shi, murya ta dushe. A ganina wannan ce ta fi kowace muhimmanci.

Wajen canjin tsirkiyoyi kuma, ɗaya bayan ɗaya ake cirewa, don kada farantin ya goce daga mazauninsa ya riƙa ƙaraurau.

An yi saɓani kan gangar jiki. Wasu sun fi son ta ƙarfe saboda amo, wasu ta katako saboda taushin sauti da rashin nauyi. Masu manyan yatsu an ce su gwada wuyan jitar kafin su biya kuɗi.