Wace manhajar VPN ce za a iya ba wa amana?

Maman Hanifa, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawararku a kan manhajar VPN da zan sa a wayata da ta 'yata da ke karatu a Zariya, domin tana yawan hawa Wi-Fi na jama'a. Tun lokacin da gwamnati ta rufe Twitter a watan Yunin 2021 na sauke wata ta kyauta, amma yanzu ta cika mini waya da talla, kuma data tana zurarewa ko da wayar tana ajiye a kan firji ban taɓa ta ba. Na leƙa shafukan da ke jera goma mafi inganci, sai na ga sunaye kusan iri ɗaya suke ta maimaitawa. Shin in yarda da su?

Baban Sadik, Kawo:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni ExpressVPN nake amfani da ita shekara biyu ke nan, tana da sauri kuma ba ta yankewa. Zan turo miki mahaɗin da za ki yi rajista ta cikinsa.

Injiniya, Malali:
Hajiya, abin da kika lura da shi yana da dalili. Aikin VPN shi ne ta ɗauke duk zirga-zirgarki daga idon kamfanin layinki ko mai Wi-Fi, ta bi da ita ta na'urorin wani kamfani, wato ba a kawar da mai gani ba, an dai sauya shi ne, don haka tambaya ta farko ita ce wane ne mamallakin wannan kamfani kuma da me yake cin abinci. Wani kamfani mai suna Kape ya sayi manhajar VPN ta CyberGhost a 2017, ya sayi Private Internet Access a 2019, sannan a 2021 ya sayi ExpressVPN a kan dala miliyan 936. A 2021 ɗin ce kuma ya sayi kamfanin da ya mallaki vpnMentor da Wizcase, shafuka biyu da sana'arsu ita ce auna manhajojin VPN su faɗa wa jama'a wadda ta fi. Haka nan kamfanin Ziff Davis, mai mujallar PCMag da ita ma ke auna manhajojin VPN, shi ne ke da manhajojin IPVanish da StrongVPN. Ban ce manhajojin nan ba su da inganci ba, amma idan mai haja da dillali da mai shaida duk 'yan gida ɗaya ne, yabon da aka yi wa hajar ba zai ishe ni hujja ba. Baban Sadik, don Allah ka yi mini uzuri, akwai abin da ake ba ka idan aka yi rajista ta mahaɗin nan?

Baban Sadik, Kawo:
Gaskiya akwai, ana ƙara mini kwanaki kyauta. Ya kamata in faɗi haka tun farko, Hajiya ki yi haƙuri. Ina nan a kan cewa tana yi mini aiki, amma ki auna maganata da sanin wannan.

Mai gyaran waya, Kasuwar Barci:
Allah ya saka da alheri Yaya, ba kowa ne zai amsa haka ba. Ni abin da ke damuna na kyautar ne. A makon jiya wani dattijo ya kawo mini waya tana zafi kamar an ciro ta daga tukunya, da na buɗe sai na tarar da VPN uku, ɗaya ma an ba ta izinin ganin lambobin wayarsa da hotunansa, alhali aikinta bai buƙaci ko ɗaya ba. Wannan ba sabon abu ba ne. A 2015 an gano cewa wata VPN ta kyauta mai suna Hola tana sayar da layin intanet na masu amfani da ita ga wasu, kuma Facebook ya sayi wata VPN mai suna Onavo a 2013 yana amfani da ita wajen sanin manhajojin da mutane ke buɗewa, har aka cire ta daga shagon Apple a 2018.

Barista, Barnawa:
Zan ƙara abu ɗaya a kan alkawarin da kusan dukkansu suke yi cewa ba sa adana bayanan kowa. Ba a sanin gaskiyar wannan magana sai ranar da hukuma ta ƙwanƙwasa ƙofa. A 2017 takardun wata kotu a Amurka sun nuna cewa PureVPN, wadda ke irin wannan alkawari, ta ba FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta ƙasar, bayanan da suka taimaka aka kama wani. A ɗaya ɓangaren, a watan Afrilun 2023 'yan sandan Suwidin sun je ofishin kamfanin VPN na Mullvad da takardar bincike, suka fita hannu rabbana saboda babu bayanan abokan ciniki a ajiye. Mullvad ba ta tambayar suna ko imel, lamba kawai take ba mutum, kuɗinta yuro 5 ne a wata, kuma ba ta biyan masu rubuta sharhi la'ada, shi ya sa ba kasafai ake ganin ta a saman waɗancan jerin ba. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ba ɗan Najeriya damar neman a goge bayanansa, sai dai bin haƙƙi a kan kamfanin da ba a san ma ƙasar da yake ba abu ne mai wuya ƙwarai.

Maman Hanifa, Unguwar Rimi:
Na gode ƙwarai. Sai dai biyan kuɗin waje duk wata zai yi mini nauyi. Babu ta kyauta ko ɗaya da za a iya riƙewa?

Injiniya, Malali:
Akwai Proton VPN ta ƙasar Suwizalan. Ɓangarenta na kyauta ba ya da talla kuma ba ya ƙayyade data, masu biya ne ke ɗauke da nauyinsa, kuma sun buɗe rubutun manhajarsu kowane masani yana iya dubawa. Amma kada in ɓoye miki, a 2021 sashensu na imel ya miƙa lambar IP, wato adireshin na'ura a intanet, ta wani ɗan fafutuka na Faransa bisa umarnin hukumomin Suwizalan, don haka su ma suna ƙarƙashin doka. Ga ɗaliba da ke son kare kanta a Wi-Fi na makaranta ta wadatar. Ba a ba ni ko sisi a kan wannan shawara.

Mai gyaran waya, Kasuwar Barci:
Hajiya, kafin ki sauke sabuwar, ki cire tsohuwar, sannan ki shiga saitin wayar, sashen VPN, ki goge sunanta a can ma, domin wani lokaci yana saura a baya. Idan ya gagara, ki ba Hanifa ta kawo mini ranar Asabar bayan Azahar, ina shago.