Wa ya taɓa kwasar bairos ta hanyar MP3?

Abban Khadija:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so kowa ya kawo abin da ya gani da idonsa. Mutane sun fara tsoron filash ɗin baƙo, amma in MP3 ce ko 'yar rediyon nan mai cin memori, sai a jona ta a kwamfuta hankali kwance, wai ai abin jin waƙa ce. A wurin aikinmu an hana jona filash daga waje, amma kullum sai ka ga MP3 maƙale a jikin kwamfuta. Wanda abin ya taɓa shafa ya ba mu labari.

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Ni shagon buga takardu gare ni. Yaron da ke taya ni aiki ya jona tasa, ya ce caji kawai zai yi. Daga nan duk wanda ya kawo filash aka buga masa takarda sai ya dawo da ƙorafi, wai foldojinsa sun koma masu 'yar kibiya a ƙasa, wasu ma ba sa buɗuwa. Wata ɗaliba ta zauna a benci tana share hawaye da gefen mayafi, ta ɗauka furojet ɗinta na kammala makaranta ya salwanta. Yaron kuwa har rantsuwa yake yi MP3 ɗinsa lafiyarta ƙalau, ga ta nan tana waƙa.

Injiniya:
Hajiya, yaron bai yi miki ƙarya ba. Bairos ɗin don Windows aka rubuta shi, ba ya aiki a cikin MP3. Kwanciya kawai yake yi a ciki, waƙa na ta tashi, har ranar da za a haɗa ta da kwamfuta. Ita kuma kwamfuta, yawancin waɗannan na'urori filash take ganinsu. Batun caji ma haka ne: kebul ɗin USB yana da wayoyin wuta, yana da na bayanai, da ka jona ka haɗa duka biyun.

Da can wani ɗan fayil ne mai suna autorun.inf ke ta da bairos ɗin, musamman a Windows XP. Ta wannan ƙofa wani bairos mai suna Conficker ya riƙa yaɗuwa. Microsoft ya toshe ta ga filash a Windows 7, sannan a Fabrairun 2011 ya tura gyaran ga XP da Vista. Wanda ya same ki na shotkat ne, wato foldojin nan masu 'yar kibiya. Shi ɓoye foldojin gaske yake yi, ya ajiye na bogi da sunansu, mutum ya danna da hannunsa ya tashe shi. Abin da ke ƙona min rai shi ne masu garajen yin fomat. An sha kawo min filash an riga an goge komai, alhali takardun suna nan, ɓoye su kawai aka yi.

Maman Ilham:
Haka aka yi, Injiniya. Mai gyaran da na kira ya fito mata da aikinta cif, ko shafi ɗaya bai ɓace ba.

Baba Malam:
Ni tawa ba waƙa a ciki, karatun Alƙur'ani ne da tafsirin azumi. Wurin masu turi a kasuwa na kai aka zuba min. Da na ba ɗana ya kwafa a laftof ɗinsa, anti-bairos ya hau ƙara. Na koma na sanar da yaron mai turin, yaro ne mai ladabi, wallahi shi ma bai san da abin ba. Ina tsaye na ga memorin da ke shiga kwamfutarsa suna fita, na wannan a cire a sa na wancan, ba mai dubawa. To, in mutum ya sayi sabuwa dal a kwali, ya tsira?

Yayan Ummi:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, sabuwar ma ba tabbas. A Oktoban 2006 Apple da kansa ya sanar cewa wasu iPod (MP3 ɗin kamfanin) masu bidiyo, ƙasa da kashi 1 cikin 100 na waɗanda aka fitar bayan 12 ga Satumba, sun baro masana'anta ɗauke da bairos ɗin RavMonE.exe. A watan ne kuma McDonald's na Japan ya nemi a dawo da MP3 kusan 10,000 da ya raba kyauta, saboda an samu QQPass a ciki, mai satar kalmar sirri. Lokacin da nake aiki a kafe, sunan RavMon ɗin nan na sha ganinsa a filash da MP3 na kwastomomi. Har sai da maigidanmu ya ware tsohuwar kwamfuta guda a bakin ƙofa, a nan ake duba komai kafin ya shiga ciki.

Baba Malam:
Allah ya yi albarka. Yanzu ya zan yi da tawa? Ba na so in rasa karatun.

Injiniya:
Ba za ka rasa ba, Baba, in sha Allahu. A jona ta a kwamfuta mai anti-bairos da aka sabunta, kada a danna komai a ciki, a fara sikanin. In foldojin sun ɓuya, a buɗe cmd, wato tagar rubuta umarni ta Windows, a shiga harafin da kwamfuta ta ba na'urar a rubuta attrib -h -r -s /s /d za su fito. A kwashe fayilolin sauti kaɗai, a bar duk mai ƙarewa da exe, vbs ko lnk. Sai a yi fomat a mayar da karatun. Caji kuma a riƙa yi da cajar bango.