Shin yawan wat da ke jikin kwali ne ke nuna ƙarfin sifikar ƙofar mota?

Malam Habibu: Assalamu alaikum. Sifikun ƙofar gaba na Corolla ɗina sun fara karkarwa, ko labarai na kunna sai muryar ta fito a shaƙe. Jiya a Sabon Gari an nuna mini iri biyu masu inci 6.5, ɗaya an rubuta wat 600 a kwalinta, ɗaya kuma wat 250, mai shagon ya ce in dai ƙara nake nema, mai 600 ce tawa. Rediyon da motar ta zo da shi nake amfani da shi, kuma ba ni da amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti.

Alhaji Sule: Wa alaikumus salam. Malam Habibu, maganar mai shagon gaskiya ce. Mai babbar lamba na sa a Accord ɗina bara, kuma daga Kwangila har Kano ban taɓa murɗa rediyo ya wuce rabi ba. Araha ba ta ado.

Injiniya Bello: Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma a nan ina da ja. Lambar da ke jikin kwali tana nuna ƙarfin da sifika za ta iya jurewa ne, wanda kuma ke samar da ƙarfin shi ne rediyo ko amfilifaya, kamar yadda girman tanki ba ya ƙara wa famfo ruwa. Sannan babbar lambar nan ta ƙiftawar ido ce kawai. Wadda ake aiki da ita ita ce ta RMS, wato abin da sifikar ke ɗauka a ɗore, kuma galibi ana rubuta ta da ƙananan baƙaƙe a bayan kwali. Rediyon da ake tallatawa da wat 50 sau 4 ma, abin da yake bayarwa a ɗore yana tsakanin wat 15 da 22 ne ga kowace sifika, wanda mota ke zuwa da shi daga kamfani kuwa sau da yawa bai kai haka ba. Saboda haka abin da ya kamata Malam Habibu ya duba shi ne lambar desibel, wadda ke nuna yawan ƙarar da sifika ke fitarwa da wat 1 a tazarar mita 1. Mai desibel 91 da rabin wutar da mai 88 ke buƙata za ta ba da ƙara iri ɗaya.

Alhaji Sule: To Injiniya, idan haka ne, me ya sa tawa ta canza? Kunnena dai bai yi mini ƙarya ba.

Oga Danladi mai wayarin: Ranka ya daɗe, kunnenka bai yi ƙarya ba, amma ni na cire tsofaffin, na kuma ga halin da suke ciki. Soson da ke zagaye da bakinsu ya riga ya rududduge saboda zafin bazara, takardar kuma ta sha ruwan da ke bin gilashi ya gangara cikin ƙofa da damina. Kowace sabuwa aka sa a gurbinsu sai ta fi su. Abin da ni ya fi damuna da waɗannan manyan shi ne kaurin maganaɗisunsu, domin na sha ganin wadda aka ɗaura, ana sauke gilashi ya doke ta. A auna zurfin gurbin kafin a biya kuɗi, a kuma zaɓi mai fuskar leda da bakin roba.

Hajiya Rabi: Ni akasin na Alhaji ne ya same ni. Camry ɗina mai tsarin sauti na kamfanin JBL ce, aka sa mini masu babbar lamba a wani shago, sai ƙarar ta ragu a kan ta da. Daga baya aka gane cewa na asalin masu om 2 ne, sababbin kuma om 4 (om shi ne ma'aunin turjiyar da sifika ke yi wa wutar lantarki), don haka amfilifayar motar ba ta tura musu wuta kamar yadda take tura wa na farkon. Lambar kwalin ba ta hana ni asara ba.

Alhaji Sule: Hajiya, wannan laifin mai ɗaurawa ne. Har yanzu ina kan bakana a abu ɗaya: wanda zai sa amfilifaya nan gaba, gara ya sayi mai juriya tun yanzu, kada ya yi saye biyu.

Injiniya Bello: Wannan na yarda da shi, Alhaji, muddin RMS ake nufi, a daidaita ta da abin da amfilifayar ke bayarwa. Sai dai Malam Habibu bai ce zai sa ba, kuma sifika mai nauyin motsi, wato mai ƙaramar lambar desibel, a kan ƙaramin rediyo tana sa mutum ya riƙa ƙure murɗawa har sautin ya fara tsagewa, wanda shi ne ke ƙona ƙaramar sifikar siririn sauti da ke tsakiyarta.

Malam Habibu: Na kira mai shagon ya karanto mini bayan kwalayen. Mai 600 RMS ɗinta wat 60 ne da desibel 88, mai 250 kuma wat 40 da desibel 91, dukansu om 4. Oga Danladi, zan kawo motar Tudun Wada ranar Asabar bayan la'asar a auna gurbin tukuna.

Oga Danladi mai wayarin: Allah ya kai mu, Malam. Ka ce masa ya haɗa maka da zoben ɗaurawa, domin ramukan Toyota ba sa dacewa da na sifikar kasuwa.