Taƙaitawa: kunna fitila a kwale-kwale

Ga abin da aka tattauna kan wace fitila ce ta fi dacewa a kunna a kwale-kwale da dare, musamman ga masuntan dam ɗin Zobe da na Jibiya a jihar Katsina.

1. Kusan kowa ya ce a bar aci-balbal a gida. Iska na kashe ta, jirgi na karkata mai ya zube.
2. Fitilar ƙwai ta fi, amma a rataye ta nesa da taru da jarkar fetur. Kada a cika ta fal, da zafin bazara kananzir kan tsattsafo. In ruwa ya fantsamu a ƙwai mai zafi, sai ƙwan ya tsage.
3. A guji kananzir mai gaurayen fetur.

Inda aka rabu: matasa sun ce fitilar sola ta wadatar, ba zafi, ba hayaƙi. Dattawa suka ce cajinta kan ƙare da tsakar dare. Ni dai ina bayan dattawa.