Wa ya san Moose Jaw a Kanada?

Uwar Biyu, Bukuru: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena ya samu gurbin karatu a Saskatchewan Polytechnic, reshen Moose Jaw. Wane irin gari ne, kuma da me mutanensa ke ci?

Malam na Kubwa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ƙaramin birni ne, mutanensa sun ɗan haura 33,000, a tsakiyar filin ciyawa shimfiɗaɗɗe, babu dutse ko ɗaya irin na Jos. Layin dogo ne ya kafa shi: jirgin ƙasan Canadian Pacific ya iso a 1882, garin ya zama birni a 1903. Arzikinsa noma ne, alkama da canola, wato tsiron da ake tatsar man girki daga ƙwayarsa, sai potash da ake haƙowa a Belle Plaine da ke kusa, wato sinadarin da harafin K ke nufi a buhun takin NPK. Akwai kuma sansanin horar da matuƙan jiragen yaƙi. A Regina, babban birnin lardin Saskatchewan, zai sauka, daga nan tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce a mota.

Injiniya, Rayfield: Hajiya, sanyin shi ne magana. Kada ya ce ai ɗan Jos ne. A Janairu ma'auni kan kai 30 ƙasa da sifili, kuma babu abin da ke tare iska. Ya bari sai ya isa ya sayi babbar riga da takalmin ƙanƙara, na gwanjon Terminus ba za su riƙe ba. In ya yi mota, ya tabbatar tana da hitar inji da ake jona wa wuta awa uku zuwa huɗu kafin fita. In ba haka ba baƙin mai ya yi kauri, batir ya yi sanyi, mota ta ƙi tashi. Ranar Disamba awa 8 ce kacal, ta Yuni ta haura 16, sai ya kula da lokutan sallah.

Anti, Gwarimpa: Wuraren gani ma akwai. Ramukan ƙarƙashin gari, inda ake nuna rayuwar baƙi 'yan Sin da fasa-ƙwaurin barasa. Labarin zuwan Al Capone, shahararren ɗan daban Amurka mai fasa-ƙwaurin barasa, dai ba a tabbatar da shi ba. Sai wurin wankan ruwan ɗumi na Temple Gardens, ruwan da aka ci karo da shi a 1910 ana neman iskar gas. A bakin babban titi kuma ga mutum-mutumin Mac, ƙatuwar barewa mai tsayin mita 10.